Tambaya da Amsa: Wace Waya Zan Saya Wadda Za Ta Riƙa Daidaita Bayanai da Kwamfutata Ba Tare da Kebul Ba?

Barkanmu da sake saduwa a wannan fili. A 'yan makonnin nan wasiƙu da dama sun iso gare mu a kan magana ɗaya, wato yadda mutum zai zaɓi wayar da za ta riƙa musayar bayanai da kwamfutarsa ba tare da an jona kebul ba. Na ɗauki wasiƙar wani malamin makaranta na ba ta fili mai yawa, domin amsarta ta ƙunshi mafi yawan abin da sauran suka tambaya, sannan na biyo bayanta da wasu guda uku.

Tambaya, daga wani malamin sakandare a Zariya:

Assalamu alaikum, Malam. Ina koyarwa a wata makarantar sakandare, kuma ina da kwamfutar tafi-da-gidanka ƙirar HP mai Windows 11, wadda a cikinta nake shirya darasi da lissafin makin ɗalibai. Wayata ta tsufa, bakin cajinta ya saki, ta yadda duk lokacin da na jona kebul don in kwashe hotunan takardun da na ɗauka, sai ya katse ana tsakiyar aiki. Na tara kuɗin sayen wata, amma ina son wadda za ta riƙa daidaita lambobin mutane da kalanda da hotuna da kwamfutar ba tare da kebul ba. Wani abokina ya ce in sayi iPhone ta hannu, wani kuma ya ce sabuwar Android ta fi. Ba mu da Wi-Fi a gida, da datar waya nake yin komai. Wacce zan saya?

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malam. Allah ya sa wa aikinku albarka. Zan fara da hukuncin, dalilai su biyo baya. Tunda kwamfutarka Windows ce, Android ta fi dacewa da kai, kuma kada ka miƙa kuɗi sai ka je shagon da kwamfutar a jakarka ka gwada su tare. Wanda yake son waya da kwamfuta su yi aiki tare, daga kwamfutar yake fara zaɓe, domin ita ce ba zai canza ba bana ko baɗi. Kwamfutar ce uwargida, wayar kuwa amarya ce da za ta zo ta tarar da ita, don haka dole a duba ko za su zauna lafiya.

Kafin mu kai ga sunan kamfani, ya kamata mu rarrabe abin da ka nema, domin a cikin wasiƙarka akwai buƙatu da suka yi kama da juna amma hanyoyinsu daban ne. Tura hoto daga waya zuwa kwamfuta aike ne kawai. Ka tura, ya isa, daga nan kowane kwafi ya kama gabansa, in ka gyara ɗaya, ɗayan ba zai sani ba. Daidaitawa kuwa ta wuce haka. Ita ce a ce kana zaune a ofishin malamai ka gyara lambar mahaifin wani ɗalibi a kwamfuta, kafin ka kai ƙofar makaranta ka duba waya ka tarar lambar ta gyaru da kanta, ba tare da ka taɓa komai ba. Akwai kuma son mutum ya riƙa ganin saƙonnin wayarsa da kiran da ke shigowa a fuskar kwamfuta, alhali wayar tana aljihu ko tana caji a lungun ɗaki. Idan mai shago ya ce maka waya tana haɗuwa da kwamfuta ba ƙarya ya yi ba, sai dai galibi tura fayil yake nufi, kai kuwa daidaitawar ce ta fi damunka.

A da, wannan tambaya taka tambayar ƙirar waya ce zalla. Lokacin da kamfanin Palm ya fitar da 'yar na'urarsa ta Pilot a 1996, sai an ɗora ta a kan wani mazauni da aka jona da kwamfuta, an danna maɓallin HotSync, sannan sunaye da kalanda su daidaita. Waɗanda suka riƙe Nokia a shekarun 2000 za su tuna manhajar Nokia PC Suite, wadda take aiki da kebul ko Bluetooth, kuma sai mutum ya tabbatar ƙirar wayarsa tana cikin waɗanda manhajar ta sani. Yanzu an sauya hanyar. Wayar da kwamfutar ba sa magana da juna kai tsaye a kan lambobi da kalanda. Kowaccensu tana magana ne da asusunka da ke intanet, shi ne yake riƙe da asalin littafin, su kuma suna kwafa daga gare shi.

Wannan ya sa ɓangaren lambobi da kalanda shi ne mafi sauƙi a cikin buƙatunka, kuma ba ya neman waya mai tsada. Duk wayar da take ɗauke da manhajojin Google, daga itel mafi araha zuwa Samsung mafi tsada, za ta daidaita lambobinka da kalandarka da asusun Gmail ɗinka, a kwamfuta kuma sai ka buɗe Google Contacts da Google Calendar ka tarar da su. Datar da wannan ke ci ba ta taka kara ta karya ba, domin rubutu ne ba hoto ba. Inda mutanenmu suke tuntuɓe shi ne wurin ajiyar lambar. Da yawa daga cikinmu har yanzu a kan layin SIM ko a cikin ƙwaƙwalwar wayar muke adana lambobi, waɗannan kuwa ba sa zuwa ko'ina, domin asusun bai san da su ba. Katin SIM bai cika ɗaukar fiye da suna 250 ba, kuma yawanci lamba ɗaya ce ga kowane suna, babu imel, babu adireshi. Saboda haka tun kafin ka rabu da tsohuwar wayar, ka shiga manhajar lambobi ka mayar da su duka cikin asusun Google, sannan ka buɗe kwamfuta ka duba su da idonka ko sun cika. A sabuwar wayar ma, tun ranar farko ka saita ta yadda duk lambar da ka adana a asusun za ta sauka.

Ka yi hattara da wayoyin Android da ba su da manhajojin Google, domin suna shigowa kasuwanninmu. Tun daga 2019, lokacin da gwamnatin Amurka ta sa wa kamfanin Huawei takunkumi, sababbin wayoyinsa ba sa zuwa da su, haka ma wayoyi da yawa da aka ƙera domin kasuwar cikin gida ta ƙasar Sin. Wayoyi ne masu kyau da ƙarfi, amma ga mai buƙata irin taka wahala za su ba ka. Wani lokaci za ka ga an cusa musu Play Store da dabara, ya buɗe a gabanka a shago, amma daidaita lambobi ya riƙa yi yana tsayawa.

Abin da ya sa na karkata ga Android kuwa shi ne wata manhaja da take cikin kwamfutarka tun daga kamfani, mai suna Phone Link. Microsoft ya fitar da ita a 2018 da sunan Your Phone, ya sauya mata suna a 2022, kuma tana da abokiyar aiki da ake sawa a waya mai suna Link to Windows. Idan ka haɗa su da asusun Microsoft ɗinka, za ka karanta saƙon tes ka amsa shi daga kwamfuta, ka ga sanarwar manhajojin wayar, ka ɗauki kira ta Bluetooth, ka kuma jawo hotunan da ka ɗauka. Daga 2024 ma Windows 11 ta fara nuna fayilolin wayar Android a cikin File Explorer, wato wurin da ake buɗe fayilolin kwamfuta, kamar an jona kebul, wanda shi ne ainihin abin da bakin cajin wayarka ya hana ka. Wannan yana aiki da mafi yawan wayoyin Android na zamani, har da Tecno da Infinix da suka cika hannun jama'a. Sai dai akwai fifiko. Wasu wayoyin Samsung da Honor da Oppo suna zuwa da Link to Windows a cikin jikinsu, kuma a kansu ne ake iya buɗe manhajojin wayar su kansu a fuskar kwamfuta, a sarrafa su da linzami da allon rubutu. Idan wannan yana da muhimmanci a gare ka, ka buɗe shafin Microsoft ka nemi ƙirar wayar a jerin da suka wallafa, kada ka dogara da sunan kamfanin kaɗai, domin ba kowace Samsung ce take ciki ba.

Shawarar abokinka mai son iPhone ba ta banza ba ce, amma da wata kwamfutar ta dace. Tun 2023 Phone Link yana karɓar iPhone, sai dai ta Bluetooth kawai, kuma abin da yake bayarwa a taƙaice yake: kira, da sanarwa, da saƙonni ba tare da tsohon tarihin hirar ba. Daidaita hotuna kuwa sai ka sa manhajar iCloud ta Windows, wato ta rumbun ajiyar Apple na intanet, ita kuma ta intanet take bi, wato hoton zai hau da datarka ya kuma sauko da datarka. Ga kuma tsarin HEIC da iPhone take adana hotuna da shi tun 2017, wanda wasu kwamfutocin Windows ba sa buɗewa sai an ƙara musu wata 'yar manhaja ko an sauya saitin kyamarar. Duk waɗannan suna da mafita, amma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, kuma ban ga dalilin da malami mai tarin takardu zai sayi wa kansa wannan ɗawainiyar ba.

Mu zo ga hotunan takardu da bidiyo, inda nan ne rashin Wi-Fi a gidanka zai yi tasiri. Mutane da yawa suna zaton duk abin da ba na kebul ba data yake ci, alhali ba haka ba ne. Wi-Fi hanya ce tsakanin na'urori, intanet kuma wani abu ne da akan bi ta hanyar a kai gare shi. Idan ka kunna hotsifot a wayarka, kwamfutar ta kama shi, to ka gina musu hanya a tsakaninsu, kuma fayil ɗin da ya bi ta wannan hanyar bai fita ɗakinka ba, ballantana kamfanin layi ya cire maka wani abu. Manhajar Quick Share, wadda Google ya fara fitarwa a 2020 da sunan Nearby Share kafin ya haɗe ta da ta Samsung a farkon 2024, tana cikin wayoyin Android masu manhajojin Google, kuma tana da ta Windows da za ka sauke sau ɗaya. Akwai kuma LocalSend, manhaja ce kyauta wadda ba ta neman asusu kuma ba ta da talla, tana aiki a Android da iPhone da Windows da Mac da Linux. Ni ita nake ba malamai shawara a kai, domin a mafi yawan wayoyin Android za ka iya kashe data ƙurmus, ka bar hotsifot a kunne, ta yi maka aikin. Wanda ya saba da Xender ya riga ya san wannan dabarar, ko da bai san sunanta ba.

Kada ka bari a ce maka Bluetooth ya wadatar. An yi shi ne domin ƙananan abubuwa kamar murya da gajeren saƙo, kuma a aikace gudunsa wajen tura fayil bai cika wuce megabit 2 a sakan ɗaya ba. Bidiyon gigabait 1 megabit 8,000 ne, wato sakan 4,000, sama da awa ɗaya ke nan kana zaune kana jira. Idan Wi-Fi ya ba ka megabit 100 a sakan, wannan bidiyon ba zai kai minti biyu ba. Shi ya sa nake so ka duba ko wayar tana da Wi-Fi na zangon 5 GHz bayan na 2.4 GHz da kowace take da shi, domin wasu wayoyin masu araha na 2.4 kaɗai aka sa musu, shi kuwa cunkoso ya yi masa yawa tunda Bluetooth ma a kansa yake tafiya. Ka duba ita ma kwamfutar ko tana kama na 5 ɗin.

Akwai wani rami a nan da ya cinye datar mutane da yawa. Idan kwamfuta ta kama hotsifot ɗin wayarka kuma data tana kunne, Windows tana iya ɗaukar sa a matsayin Wi-Fi na gida marar iyaka, ta fara sauke sabuntawa masu nauyi. Ka shiga saitin wannan Wi-Fi ɗin a kwamfutar ka kunna maɓallin da aka rubuta wa Metered connection, wanda yake sanar da ita cewa datar wannan layin a ƙidaye take. Haka nan rumbunan ajiya na intanet. Google yana ba da gigabait 15 kyauta, amma Gmail da Drive da Photos ne suke raba shi, kuma tun watan Yuni na 2021 ya daina ajiyar hotuna kyauta marar iyaka. OneDrive na Microsoft da iCloud na Apple gigabait 5 kowannensu yake bayarwa. Shawarata ita ce ka bar wa rumbun intanet lambobi da kalanda da takardun makin ɗalibai, waɗanda ba su da nauyi kuma asararsu tana da ciwo, hotuna da bidiyo kuwa su riƙa bi ta hotsifot.

Game da ƙarfin wayar, abin da ya fi shafar daidaitawa shi ne RAM, wato ƙwaƙwalwar da waya take riƙe manhajojin da suke aiki a cikinta, domin manhajar da take haɗa waya da kwamfuta dole ta zauna a farke a bayan fage. Waya mai ƙaramin RAM, musamman mai tsarin Android Go, wato sauƙaƙan Android da aka yi wa wayoyi masu ƙaramin ƙarfi, takan kashe irin waɗannan manhajoji don ta samu wurin numfashi, sai ka ga haɗin ya yanke ba tare da dalili ba. Kada ka sauka ƙasa da gigabait 4, in aljihu ya yarda ka kai 6 ko 8. Idan ka ga an rubuta 4+4 ko 8+8 a jikin kwali, lambar farko ce RAM na gaskiya, ta biyun aro ce daga ma'adanar wayar kuma ba ta kai ta farkon sauri ba. Bayan ka saya, ka shiga saitin batir ka cire Link to Windows daga cikin manhajojin da wayar take kwantarwa don tattalin caji. Ka kuma tambayi shekara nawa kamfanin ya yi alkawarin sabunta tsarin wayar. Google ya yi alkawarin shekara 7 ga Pixel 8 a 2023, Samsung ma haka ga Galaxy S24 a 2024, wayoyin masu araha kuwa nasu bai kai haka ba, kuma manhajojin haɗi da kwamfuta sukan daina karɓar tsohuwar Android sannu a hankali.

Na ce ka je da kwamfutarka, kuma da gaske nake. Na taɓa raka kawuna kasuwar waya ta Farm Centre a Kano a kan irin wannan buƙata. Muka zauna a kan benci a ƙofar wani shago, kwamfutar tana kan cinyata, injin janareta yana ruri a bayanmu, mai shagon ya fito mana da wayoyi biyu na nuni masu farashi kusa da juna. Muka ɗauki ɗan bidiyo da kowacce muka tura. Ta farkon, wadda kawu ya fi so saboda girman fuskarta, layin da ke nuna ci gaban turawar sai rarrafe yake yi, har kawu ya cire hularsa ya share gumi ya mayar bai kai rabi ba. Ta biyun kuwa kafin mai shagon ya gama ba wani canji ta kammala. Da muka duba sai muka ga ta farkon ba ta da zangon 5 GHz, ga kasuwar cike da hotsifot ɗin jama'a. Babu abin da ke jikin kwalin da zai nuna mana wannan da ba mu gwada ba. Saboda haka ka sa Quick Share a kwamfutar tun daga gida, ka cika batirinta, ka nemi wayar nuni ta ƙirar da kake so. Idan mai shagon ya ce ba zai buɗe sabon kwali ba, yana da gaskiya, sai ku yi yarjejeniya a gaban shaida cewa za a buɗe bayan ka biya, in ba ta haɗu ba a canza maka. Kada dai ka shigar da asusunka da kalmar sirrinka a wayar da ba ta zama taka ba tukuna, kuma kada ka yi cinikin biri a sama.

Tambaya, daga wata mai sana'ar ɗinki a Maraɗi:

Malam, barka da aiki. Yayana ya ba ni kwamfutar MacBook, ina so in riƙa tara hotunan ɗinkunan da na yi a cikinta in nuna wa masu kawo aiki. Wayata Android ce. Sai na sayi iPhone?

Amsa:

Barka kadai, 'yar'uwa, Allah ya ƙara kasuwa. A nan hukuncin ya juya, domin dalilin da ya sa na hana Malamin Zariya iPhone shi ne zai sa in ce ke ta dace da ke. Apple ya gina wayarsa da kwamfutarsa su yi aiki tare. AirDrop, wato hanyar tura fayil tsakanin na'urorin Apple ba tare da kebul ba, ya fara a Mac a 2011, ya zo iPhone a 2013, kuma daga 2014 suka fara tura wa juna kai tsaye. Ba ya buƙatar data ko na'urar Wi-Fi ta gida, ki ɗauki hoton riga ki taɓa sunan kwamfutar, shi ke nan ya isa da cikakken kyansa, ba kamar hoton da aka tura ta WhatsApp ba wanda akan matse shi har adon zare ya dushe. Saƙonni da kira da kalanda ma duk suna bayyana a Mac ɗin idan asusun Apple ɗaya ne a kansu.

Amma ba dole ba ne ki sayi waya saboda wannan kaɗai. Phone Link ba ya aiki a Mac, sai dai LocalSend tana yi, kuma za ta kai miki hotunan daga Android ɗinki ba tare da kin kashe ko dala ba. Ki fara da ita, in kin ga ta ishe ki, ki bar kuɗin a jarin shago. Idan kuma kin yanke shawarar sayen iPhone ta hannu, ki sani tun 2013 Apple yake ɗaure kowace waya da asusun mai ita, kuma wayar da tsohon mai ita bai cire asusunsa ba, ba za ta karɓi naki ba. Ki sa mai sayarwa ya goge ta gaba ɗaya a gabanki, ki sa layinki, ki bi matakan kunna ta da kanki har ta buɗe, sannan ki biya.

Tambaya, daga wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari, Kano:

Malam, ina da kwamfutar tebur a shago wadda yarana suke rubuta lissafi da ita. Ina so saƙonnin abokan ciniki na WhatsApp su riƙa fitowa a kanta ko ba na nan. Wace waya ce take yin haka? An ce mini kwamfutar ba ta da Bluetooth.

Amsa:

Alhaji, Allah ya ba da sa'a. Wannan ba ya buƙatar sabuwar waya ko Bluetooth. WhatsApp yana da hanyar buɗe shi a kwamfuta tun 2015, kuma yanzu yana barin a haɗa na'urori har 4 da lamba ɗaya, su ci gaba da aiki ko wayar tana kashe, sai dai in an yi kwana 14 ba a buɗe shi a wayar ba, sai ya cire su. Abin da ake buƙata shi ne kwamfutar ta samu intanet nata. Kwamfutocin tebur da yawa ba su da Wi-Fi, amma akwai 'yar na'ura kamar filashi da ake sokawa a bakin USB ta ba su shi, kuma ba ta da tsada. A duba mini kuma wace Windows ce a kanta, domin Microsoft ya daina kula da Windows 7 tun Janairun 2020, ya kuma daina ba Windows 10 kulawar yau da kullum a ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma bai kamata lissafin dukiya ya zauna a kan tsarin da aka daina toshe ɓarakarsa ba.

Abin da nake roƙonka, Alhaji, shi ne kada ka haɗa lambarka ta gida da kwamfutar da hannu da yawa suke taɓawa, domin duk wanda ya zauna a gabanta zai ga hirarka da iyali kamar yadda zai ga ta abokan ciniki. Ka ware layi ɗaya na shago, a sa masa WhatsApp Business, shi za a haɗa. Phone Link kuwa kada a sa shi a wannan kwamfutar sam, saboda yana nuna saƙon tes, kuma ta saƙon tes banki yake turo lambar sirrin tabbatar da fitar kuɗi. Ba zargin yaranka nake yi ba, shago wuri ne da kowa yake shiga. Lokaci zuwa lokaci ka buɗe jerin na'urorin da aka haɗa a cikin WhatsApp ɗin wayar, duk wadda ba ka gane ba ka cire ta.

Tambaya, daga wani ɗalibin jami'a a Sakkwato:

Malam, wayata tana daidaita hotuna da kwamfutata ta intanet. Da wayar ta cika sai na goge hotuna masu yawa, ina ganin ai suna kwamfuta. Da na buɗe kwamfutar sai na tarar su ma sun tafi, har da na walimar saukar ƙanwata. Akwai yadda za a yi?

Amsa:

Ƙanena, na ji zafin wannan, kuma akwai kyakkyawan zaton za a same su in ka hanzarta. Abin da ya faru shi ne daidaitawar ta yi aikinta yadda aka gina ta. Ba ta bambanta gyara da gogewa, duk abin da ka yi a gefe ɗaya umarni ne take isar wa ɗaya gefen, don haka da ka goge a waya sai ta ɗauka so kake a goge ko'ina. Wanda yake da kwafi biyu masu daidaita juna, a haƙiƙa kwafi ɗaya yake da shi a wuri biyu.

Manyan rumbunan ba sa zubar da abin da aka goge nan take. Google Photos da iCloud da OneDrive duk suna da kwandon shara inda hoto yake zama aƙalla kwana 30 kafin ya tafi gaba ɗaya, matuƙar ba ka zazzage kwandon da hannunka ba, Google Contacts ma yana barin a mayar da lambobi yadda suke a cikin kwana 30 da suka wuce. Ka buɗe shafin rumbun a kwamfuta, ka shiga kwandon, ka zaɓi hotunan ka mayar da su. Idan sun dawo, ka sauke su cikin wata jaka a kwamfutar wadda ba ta cikin abin da ake daidaitawa, ka kuma kwafa su a filashi ko faifan ajiya na waje ka ba mahaifiyarku ta adana. Nan gaba in wayar ta cika, kada ka goge da hannu. Google Photos yana da zaɓin da yake cire kwafin wayar kaɗai ya bar na rumbun, iPhone kuma tana da saitin da yake barin ƙaramin hoto a wayar ya ajiye cikakken a iCloud. Ka je ka duba kwandon yau ɗin nan, kada ka bari sai ƙarshen mako, domin tun ranar da ka goge aka fara ƙirga kwanakin.